Yayen Ramatu a Panshekara

Cikin duk garuruwan da na zauna, Kano ce ta fi ba ni wahalar baƙunci, domin ba wanda ya ɗauke ni baƙo. A Kumasi da na buɗe baki an san daga nesa nake, sai a nuna mini hanyar zango. A Sabha ta ƙasar Libiya fatar jikina ta isa ta ba da labarina. A Abijan, inda na fi daɗewa ina gyaran injuna, muna da unguwarmu ta 'yan ƙasa, da wanda zai tarye ka a tasha. A Kano kuwa harshe ɗaya, alƙibla ɗaya, tuwo ɗaya. Mutum zai gaishe ka da fara'a ya wuce, yana zaton kai ma kana da gidan da za ka shiga a tambaye ka ya hanya.

Sunana Isufu, mutumin Damagaram ne ni. Na shigo Kano a farkon shekarun dubu biyu, bayan Abijan ta rikice, furfura ta riga ta ci rabin gemuna. Ban yi aure da wuri ba, yawo ya cinye mini ƙuruciya. Tare da ni akwai matata Mariyama, wadda na girme ta nesa ba kusa ba, da ɗanmu Habu da bai isa shiga makaranta ba, da akwatin kayan aikina, da wani ƙaton buhu ɗaure da igiya. A cikin buhun kayan jerenta ne, kwanoni da tasoshi da fantekokin da mahaifiyarta ta tara mata tun tana yarinya.

Mutane sun sha tambayata me ya sa nake jan iyali a baya, alhali kowa gida yake barin nasa. Mahaifina a Kumasi ya yi rayuwarsa, mu muna Damagaram. Sai a jima ya zo da jaka cike da goro da atamfa, mu tsugunna mu gaishe shi kamar yadda ake gaida baƙon malami, ya yi 'yan kwanaki ya koma. Ranar da aka aiko ya rasu na nemi hawaye na rasa. Tun kafin in yi aure na ƙudura a raina 'ya'yana ba za su san ni haka ba. Inda na kwana, nan za su kwana.

Bompai ce zangonmu na farko. Na sami aiki a wani kamfanin roba, ina kula da injin da ke fitar da bokitai. Wani dillali mai carbi a hannu ya nuna mana ɗaki a bayan layin kamfanoni, na biya shi, ya yi mana addu'ar zama lafiya har da shafa fuska. Washegari muka turo kayanmu a kura, muka tarar da wata mata tana share ɗakin, mijinta yana kafa labule. Su ma shi suka biya. Da mai gidan na ainihi ya zo, ya ce bai taɓa ganin mutumin ba. An zambace ni da Faransanci, an zambace ni da Larabci, amma wadda aka yi mini da harshen uwata ita ta fi daɗewa a raina.

Wani Buzu mai gadin kamfanin ne ya rufa mana asiri. Na gaishe shi da 'yan kalmomin Buzancin da na tsinta a hanyar Agadas. Ya dube ni, ya dubi yaron da ke barci a kafaɗar Mariyama, ya kwashi tabarmarsa da butar shayinsa ya bar mana ɗakin gadi har muka sami wani wurin. Da muka shiga sabon ɗakin na sunkuya zan kwance buhun, sai Mariyama ta ce, "Malam, bar shi haka. Ni ba zan yi jere a tasha ba." Ta zaro tukunya ɗaya da kwano biyu, ta mai da igiyar ta ɗaure. Buhun ya koma ƙuryar ɗaki, aka lulluɓe shi da tsohon zane, Habu ya mai da shi dokinsa.

Ba a daɗe ba wutar lantarki ta gagara, man janareta ya fi ƙarfin masu kamfanin, suka rufe. Na koma wani a Sharada, buhun ya bi mu a ɗaure. A nan aka haifi Ramatu. A Damagaram ranar suna ba ka sanin wanda ya kawo tabarmi, ba ka sanin wanda ya mayar. A Sharada ni na sayo dabino da goro, ni na tsaya a ƙofar masallaci bayan sallar asuba ina miƙa wa mutanen da ban san sunayensu ba. Sun yi addu'a da zuciya ɗaya, ba zan ci haƙƙinsu ba, sannan kowa ya dubi agogo ya nufi aikin safe. Ruwan wankan jego ma wata tsohuwa aka ɗauko da lada tana dafawa.

Da babbar salla ta matso na ce tun da ban kai Mariyama gida ba, bari in kawo mata gida. Mutanen Kano suya suke yi, a yanyanka nama a zuba a mai har ya bushe, a adana. Mu ba ma yanyankawa. Ana feɗe rago a buɗe shi ɗungum, a gicciya masa sanduna biyu, a kafa shi tsaye a gefen wuta. Magidantan layi duka wuri ɗaya suke tara itacensu, raguna su kewaye wutar kamar mutane a majalisa, tun hantsi har rana ta faɗi. Maiƙo yana ɗiga cikin kwanoni, maza suna juyawa suna shan shayi, sai washegari a raba.

Na sayi itace na kafa ragona a ƙofar gida. Abin da ban taɓa lura da shi ba, duk shekarun da na yi ina cikin masu yi, shi ne ragunan ne suke tare wa juna iska, su riƙe zafin a tsakiya. Nawa shi kaɗai ne. Iska ta riƙa kwashe zafin tana gaba da shi. Na matso da shi, cinya ta ƙone. Na janye shi, ƙirji ya ƙi nuna. Yaran layi suka taru, wani ya tambayi Habu ko babansa tsire zai fara sayarwa. Wani dattijo da ke wucewa ya tsaya ya ce, "Malam, in mai ne babu a aiko gidana a karɓa, kada layya ta lalace." Da kyakkyawar niyya ya faɗa. Da la'asar Mariyama ta leƙo, ta daɗe tana kallon ragon nan tsaye shi kaɗai, sannan ta ce a shigo mata da shi. Ta yanke inda ya ƙone, ta soya sauran kamar yadda maƙwabta suke yi. Tana suya tana share ido, ta ce hayaƙi ne.

Zango na uku Challawa ne, kamfanin jimar fata. Na yi aiki kusa da kasuwar kifi a Abijan, amma warin jima ya fi bin tufafi. Muka kama ɗaki a Panshekara, a gidan haya irin mai ɗakuna suna kallon juna, rijiya a tsakiya. Ɗakin da ke kallon namu na Yohanna ne, wani dattijo mutumin Filato da ke aiki a masaƙa, shi da matarsa da kowa ke kira Maman Iliya. Kiristoci ne. 'Ya'yansu sun girma sun watse. Ita gajeriyar mace ce mai ƙarfin murya, tana dafa abincin sayarwa, tana da kajin da ba sa bambanta ɗakinta da na wasu.

Ni na zauna da Kiristoci a Kumasi da Abijan, mun ci abinci kwano ɗaya. Mariyama kuwa ko a Abijan cikin 'yan ƙasarmu ta zauna. Gaisuwa ce kawai tsakaninta da matar, har ta gargaɗi Habu kada ya ci komai a ɗakin can. Ramatu ce gargaɗin bai isa kunnenta ba. Ranar da ta fara tafiya ina zaune a bakin ƙofa na dawo daga aiki, sai ta saki bango ta miƙe tana tangaɗi, ta bi 'yan tsaki. Na buɗe hannuwa ina kiranta, ko kallona ba ta yi ba. Ta ratsa tsakar gida ta faɗa cinyar Maman Iliya da ke tsince acca.

"To Baban Habu, ka gani da idonka," in ji Maman Iliya. "Tafiyar farko wurina aka zo. Kai sai ka jira ta biyu."

A lokacin waya ba ta wadata ba, kuma Inna, mahaifiyar Mariyama, ba ta yarda da ita ba. Kaset take aikowa ta hannun direbobin Damagaram. A sa a rediyo, a ji tana gaida kowa da sunansa, akuya tana kuka a bayanta. Ramatu ta doshi shekara biyu wani kaset ya zo. Bayan gaisuwa Inna ta ce, "Ɗiyar nan ta isa yaye. A kawo mini ita. Ni na yaye jikokina duka, ba za a fara tsallake ni daga kanta ba."

Haƙƙinta ta nema. A wurinmu uwa ba ta yaye ɗanta da kanta. Kaka ake kai wa, yaro ya yi kukansa inda ba ya ganin uwarsa, ya koyi cin tuwo, ya dawo da kyautar kaza ko 'yar akuya. Sau da yawa ma ba ya dawowa da wuri.

Mariyama ta kashe rediyon ta ce, "Bayan salla zan kai ta."

"Za ku daɗe?"

"Shi ma wannan," ta nuna Habu da haɓa, don ba ta faɗin sunan ɗan fari, "gara a sa shi makaranta a gida. Nan yara dariyar maganarsa suke yi."

"Tambayarki na yi ko za ku daɗe."

"Malam, tun yaushe nake bin ka? Na haihu ba uwata a kusa, na yi suna ba ƙanwata ko ɗaya. In na kwanta ciwo yau, wa zai ɗauki yarinyar nan? Kai kana kamfani. Ba faɗa nake yi ba. Ka riƙa zuwa kana ganinmu, kamar yadda kowa yake yi."

Na san waɗannan kowa ɗin. A Sabha na kwana ɗaki ɗaya da su, mazan da matansu suka tafi gida yaye ko haihuwa, aka shekara aka shekara suna aika saƙo ta hannun direba. Amma duk abin da ta faɗa gaskiya ne. Ni kuma ba injin da zan gyara a Damagaram in ci da su.

Salla ta zo, muka soya namanmu ba gardama. Sai Allah ya kawo abin da ba mu shirya masa ba. Mariyama ta kwanta, ko ruwa ta sha sai ya dawo. A asibiti suka ce ciki ne, kuma bai zauna da kyau ba, kada ta hau mota doguwar tafiya. Ni ma ba halin in kai yarinyar. Bayan layya fatu suke kwararowa Challawa tirela bayan tirela, in inji ya tsaya yini guda kaya sun lalace, duk wanda ya nemi hutu a lokacin sallama ya nema. Ga shi matanmu ba sa yarda mai ciki ta ci gaba da shayarwa. Dole a yaye Ramatu, kuma a ɗaki ɗaya da uwarta.

Mun gwada. An shafa ɗaci, ta goge da hannu ta ci gaba. An hana ta, ta yi kuka har muryarta ta dushe, Mariyama ta kasa jurewa ta ba ta, sannan ita ma ta zauna tana kukan ta ba ta. Ran nan da safe ina ɗaura takalmin aiki, yarinyar tana birgima a ƙasa, sai Maman Iliya ta ɗaga labule tun ba a amsa sallamarta ba.

"Maman Habu, wannan ba yaye ba ne, horo ne. Ku uku kuna wahala, mu ma da ke gidan ba mu tsira ba. Ina kakarta?"

Na ce, "Tana Damagaram."

"To Damagaram ta yi nisa. Mu ma a ƙauyenmu kaka ake kai wa. Jikokina duk a bayan nan nawa suka bar nono. Ku ba ni ita."

Mariyama ta dube ni, na dube ta. Maman Iliya ta gane abin da ba mu faɗa ba.

"Tukunya ce damuwarku? Baban Habu, in ka taso ka biya kasuwa ka sayo sabuwa, da kofi da cokali. Nama kuwa wurin mahaucin da kuke saye nake saye, kin sha ganina. In akwai rubutun da malaminku yake yi na yaye, ku kawo, da hannuna zan ba ta. Sharaɗina ɗaya ne. Ke," ta nuna Mariyama, "ba za ta gan ki ba. Ki saki labulen nan. In za ki bayan gida ki yi tari, in juya da ita bango."

Mariyama ta ce a hankali, "Inna za ta ji haushi."

"Ta ji. In ta zo ta same ni, tsohuwa da tsohuwa ne."

Ta sunkuya ta ɗauki Ramatu, ta goya ta, ta fice.

Na ga yaron da aka kai wani gari yaye, na ga wanda aka kai wata ƙasa. Ban taɓa ganin wanda aka kai ƙofar da ke kallon ta uwarsa ba. Gidan gaba ɗaya ya shiga cikin shirin. Mariyama ta yi tari, sai ka ji wata daga bakin rijiya ta ce, "Maman Iliya, jirgi zai wuce." Ita kuwa ta juya ta kama nuna wa yarinyar ƙadangare a jikin bango. Kwanakin farko kuka ne zalla. Sannan kunun acca ya fara shiga, sannan gwate, wani faten mutanen Filato mai ganye da gauta. Mariyama ta ja katifarta kusa da ƙofa, ta bar 'yar kafa a gefen labule daidai ido ɗaya.

Ranar Lahadi sai da rana zan shiga aiki. Da safe Maman Iliya ta ƙwanƙwasa mana ƙofa, ta sha ɗaurin kallabi, littafin waƙoƙinta a hannu.

"Baban Habu, coci zan tafi. Ba zan kai 'yar mutane inda iyayenta ba su aike ta ba, kuma ba zan fasa zuwa ba. Zo ka zauna da 'yarka."

"Ni? Ai ban iya ba."

"Injin Turawa ka iya, cokali ne zai gagare ka?"

Haka na zauna a bakin ƙofar Yohanna, Ramatu a cinyata, kofin kunu a hannuna. Ta kau da kai, ta ture cokalin, kunu ya wanke mini gaban riga. Na nemi waƙar rarrashi a kaina na rasa, cikin harsunan da nake ji duka babu wanda na koyi irin wannan waƙa a cikinsa. Sai na kama kira mata garuruwan da na bi, da murya irin ta 'yan kamasho a tasha. Na ce, "Agadas, Agadas, saura mutum ɗaya." Ta buɗe baki tana dariya, na zura cokali. Sabha, cokali. Kumasi, cokali. Kafin mu iso Kano kofin ya ƙare. Ta kwantar da kai a ƙirjina ta yi barci, tana riƙe da gemuna, ban motsa ba har masu coci suka dawo.

Da ta daina neman nono, Maman Iliya ta yi mata wanka ta shafa mata hoda, ta kawo ta da kaza a hammata, ɗaya daga cikin 'yan tsakin nan da ta bi ranar da ta fara tafiya. Mariyama ta durƙusa har ƙasa ta ce, "Mama, Allah ya saka." Daga ranar ba ta ƙara kiranta da wani suna ba. Amma maganar tafiya ba ta tashi ba, an dai ajiye ta ne har ciki ya yi ƙwari.

Labari ya kai Damagaram ta bakin direbobi, kuma ya kai da ƙari, wai mun ba da 'yarmu riƙo a coci. Inna ba ta taɓa ƙetare iyaka ba a rayuwarta, amma bayan 'yan watanni na dawo daga aiki na tarar da ita zaune a tabarma a tsakiyar ɗakinmu, ruwan da aka kawo mata yana nan ba ta taɓa ba. Na cire takalmi na tsugunna daga nesa.

"Isuhu, ka kyauta," ta ce. "Ka ɗauke mini ɗiya ka kawo ta inda ba ta da kowa, har jikata sai maƙwabta. Likita ya ce yanzu tana iya hawa mota. Jibi za mu tahi, da ita da yaran. In ta haihu ta yi arba'in, sai mu ga abin da Allah ya yi."

Ba a mai da wa suruka magana. Na ce, "To Inna." Mariyama kanta a sunkuye.

Sai ga sallama. Maman Iliya ce, Ramatu a bayanta, kwano a hannu.

"Sannu da hanya, Hajiya. Ni ce ɓarauniyar da aka ba ki labari."

Inna ta dube ta daga kallabi har silifa. "Ke ce kika ci mini haƙƙi."

"Ni ce. Riƙe miki na yi kafin ki iso. Ga ta nan ki duba, in akwai abin da ya ragu ki faɗa."

Inna ta karɓi yarinyar ta duba ta kamar mai sayen akuya. Ta matsa damtse, ta ja fatar ido, ta leƙa baki. Sai hannunta ya kai kan layar da ke wuyan Ramatu, wadda ita ta aiko da ita tun ranar suna.

"Wa ya sake mata zare?"

"Tsinkewa ya yi a wurina. Na ce abin kakarta ne, kada ya ɓata."

Inna ta daɗe tana juya layar a tafin hannunta. Can ta ce, "Me kika ba ta ta yi kumatu haka?"

"Acca. Ga shi a kwano, a tukunyarta na dafa."

Inna ta ɗanɗana da bakin cokali. "Gishiri ya yi kaɗan."

"Na masu haƙori biyu-biyu ne, Hajiya. Ashe zai yi mana daidai ni da ke."

Ban taɓa jin wani ya yi wa Inna irin wannan magana ba. Ta harare ta, sannan ta ƙara cokali na biyu. Amma ba ta janye maganar jibi ba.

Washegari da safe ina bakin ƙofa ina shan koko, na ji Inna ta ce wa Mariyama ta fara haɗa kayan yara. Sannan na ji muryar Mariyama, ƙasa-ƙasa, irin wadda take yi in za ta roƙi abu.

"Inna, da ni na ce zan tafi. Na ce in na kwanta ba wanda zai ɗauki yarinyar. To na kwanta, an ɗauka."

"Maƙwabci ba dangi ba ne."

"Haka ne. Amma akwai ranar da na leƙa ta labulen nan, na ga Malam zaune a ƙofar can yana ba ta kunu, rigarsa duk ta ɓaci. Ta yi barci a jikinsa. Inna, ba na so wata rana ta tsugunna masa daga nesa tana gaishe shi kamar baƙo. In Allah ya kai mu haihuwa, ke ki zo ki yi mini wankan a nan."

Na ajiye kofin. Na ji Inna ta miƙe tana zagaya ɗakin, sai na ji an yaye zane.

"Wannan hwa?"

"Kayan jerena ne."

"Tun Abijan? Kwanonin da na hana kaina sutura na tara miki, su ne a buhu kamar gawayi?" Ta ja tsaki. "In zama za ki yi, ki zauna kamar ɗiyar mutane. Isuhu, na san kana ji. Akwai kahinta a garin nan ko babu?"

Na ce, "Akwai, Inna."

"To a kira shi ya kafa katako. Sannan a kira mini mai accar nan. Mace ɗaya ba ta jere."

Ranar Lahadin da ta biyo, bayan an taso coci, aka kore ni daga ɗakina, don jere ba aikin maza ba ne. Na zauna a kan benci kusa da rijiya, ni da Yohanna, yana gyaran rediyonsa da ba ya gyaruwa. Daga ciki muna jin ƙarar kwanoni, da muryar tsofaffi biyu suna gardama a kan wace fanteka ce za ta hau sama. Yohanna ya ce, "Malam Isufu, mu dai mu yi shiru. Duk wanda ya sa baki shi zai wanke su."

Sai labule ya motsa. Ramatu ta fito da kofinta a hannu biyu, kunu yana zuba ta gefe. Ta wuce kazarta, ta wuce ƙofar Maman Iliya ba ta tsaya ba, ta ratso tsakar gida har inda nake. Ta dafa gwiwata ta hau, ta miƙo mini cokalin, ta gyara zama.

"Baba," ta ce, "Agadas."